Kwana Ashirin na Farko: Yadda Aka Gano Abin da Ke Kashe Kifi a Sabon Tankin Gilashi

Duk wanda ya taɓa sayen tankin gilashi ya ajiye a falo ya san yadda labarin ke tafiya. Ranar farko a wanke tsakuwa, a cika ruwa, a kunna injin iska, a zuba kifaye goma ko goma sha biyu masu launi iri-iri. Kwana uku, kwana huɗu, komai lafiya lau. Wajen ƙarshen makon farko sai a ga ɗaya ya daina cin abinci, wani ya taso saman ruwa yana haki, kafin a shiga mako na uku rabinsu sun mutu. Ruwan kuwa garai-garai, ko ƙura babu. Mai tanki ya zargi mai shago da sayar masa da marasa lafiya, mai shago ya ce ai abinci aka cika musu. Masu wannan sha'awa a Turai da Amurka har suna suka raɗa wa abin, suna ce masa ciwon sabon tanki, alhali babu wata ƙwayar cuta a cikinsa. Guba ce, kuma daga jikin kifin kansa take fitowa.

A yau bayanin wannan bai wuce shafi ɗaya ba a kowane littafin kiwon kifi. Amma sai da Turawa suka shafe fiye da shekara ɗari suna ajiye kifi a gilashi kafin bayanin ya iso hannun masu kiwon, kuma daga wurin da ba a zata ba ya fito: daga masu binciken ƙasar noma da ruwan ƙazantar birnin Paris. A tsakiyar labarin akwai uba da ɗa masu suna ɗaya, Robert Warington. Uban ya bai wa duniya tankin kifi tare da bayanin da rabinsa ne kawai gaskiya. Ɗan ya ƙarar da shekarunsa a kan ragowar rabin, a gona, nesa da kifi.

Kafin gilashi

Ajiye kifi don kallo tsohuwar al'ada ce. A ƙasar Sin, tun zamanin daular Song, wadda ta yi mulki daga 960 zuwa 1279, ana ware 'ya'yan wani kifin rafi mai launin toka waɗanda suka fito da ja ko ruwan zinariya, ana kiwon su a tafkunan gidajen manya da na wuraren ibada. Su ne kakannin kifin zinariya da ake sayarwa ko'ina a yau. A zamanin daular Ming aka shigo da su cikin gida, a manyan kwanukan tangaran. Waɗannan masu kiwo ba su san sunan ko wane sinadari ba, amma sun san abin yi: kifi kaɗan, kwano mai faɗin baki, da sauya ruwa a kai a kai. Sun kuma yi sa'ar kifi mai taurin rai, wanda ke jure abin da zai kashe wasu da yawa.

Kifin ya isa Turai a ƙarni na 17. A watan Mayun 1665 Samuel Pepys, ma'aikacin rundunar jiragen ruwan Ingila da ya shahara da littafin tarihin kwanakinsa, ya rubuta cewa an nuna masa wasu baƙin kifaye a cikin gilashin ruwa a Landan. Hanyar dai ita ce ta Sinawa: ruwa ya lalace, a zubar a kawo sabo.

Matsalar ta fito fili ne da masana halittu suka so su ajiye dabbobin teku don nazari. Jeanne Villepreux-Power, Bafaranshiya da ta fara rayuwa a matsayin tela, ta ƙera akwatunan gilashi a 1832 a birnin Messina na tsibirin Sisili don ta lura da wata halittar teku mai hannaye takwas da ɓawo siriri kamar takarda. Ita teku na bakin ƙofarta, sabon ruwa ba ya yi mata wuya. Anna Thynne kuwa a tsakiyar Landan take zaune. A 1846 ta ɗebo wasu halittun murjani daga gaɓar Torquay ta kawo su gida, kuma da jigilar ruwan teku ta yi tsada, sai ta sa wata 'yar aikinta tana jujjuya ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan a gaban buɗaɗɗiyar taga, rabin sa'a ko fiye, don iska ta shige shi. Halittun sun rayu shekaru, har suka hayayyafa. Sunan uwar gida ne ya shiga tarihi. Hannun da ya yi aikin na yarinyar ne.

Lissafin Warington babba

Tun 1771 Joseph Priestley ya nuna cewa reshen na'a-na'a yana gyara iskar da kyandir ya ɓata a cikin rufaffen gilashi, a 1779 kuma Jan Ingenhousz ya gano cewa tsiro ba ya yin wannan aiki sai da haske. A 1829 wani likita a gabashin Landan, Nathaniel Ward, ya ga ciyawa ta tsiro ta rayu a cikin kwalbar da ya rufe. Tunanin da ya biyo baya mai sauƙi ne kuma mai daɗin ji: tunda dabba na shaƙar oksijin tana fitar da iskar kabon, tsiro kuma na yin akasin haka, to idan aka haɗa su a ruwa ɗaya bisa ma'auni, kowa zai ciyar da ɗan'uwansa, ba sai an sake taɓa ruwan ba.

Robert Warington, masanin sinadarai a ƙungiyar masu haɗa magunguna ta Landan, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masana sinadarai ta birnin a 1841, shi ne ya gwada wannan da tsari. A watan Mayun 1849 ya samo gilashi mai cin galan 12, wato kimanin lita 55, ya shimfiɗa yashi da laka da 'yan duwatsu a ƙasa, ya dasa wata ciyawar ruwa mai dogon ganye da ake kira Vallisneria, ya saka ƙananan kifin zinariya guda biyu. Da tsofaffin ganyen suka fara ruɓewa, ruwa ya gurɓace, gansakuka ta rufe ko'ina, sai ya ƙara dodon koɗi biyar ko shida. Dodon koɗin suka cinye ruɓaɓɓen ganye da gansakukar, ruwa ya washe, kifayen suka riƙa cin ƙwansu. A 1850 ya gabatar da sakamakon ga ƙungiyar masanan: ga ƙaramar duniya a cikin gilashi, wadda ke riƙe da kanta.

Gwajin ya yi nasara, wannan babu shakka. Sai dai idan aka dube shi da ilimin yau, dalilan nasarar sun fi waɗanda Warington ya lissafa yawa. Kifi biyu ƙanana a ruwa mai yawa ba sa fitar da ƙazanta mai yawa. Ciyawa mai girma da sauri tana tsotse wani kaso na wannan ƙazantar a matsayin taki. Laka da saiwar ciyawa da bayan dodon koɗi kuma ba sa zuwa su kaɗai: suna ɗauke da ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda a lokacin babu wanda ya san aikinsu. Warington ya ƙidaya 'yan wasa uku, kifi da tsiro da dodon koɗi. Na huɗun ya shigo a manne da laka, ba a rubuta sunansa ba.

Zamanin ya dace da shi. A 1845 gwamnatin Birtaniya ta soke harajin gilashi, farashinsa ya faɗi. Jirgin ƙasa ya kusanto da bakin teku ga mazauna birni. A watan Mayun 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kifi, na farkon irinsa da jama'a ke shiga kallo. A 1854 Philip Henry Gosse ya wallafa littafin da ya yaɗa kalmar akwariyam, wadda harsuna da yawa ke amfani da ita har yau, a 1856 kuma Emil Adolf Rossmässler ya kai sha'awar Jamus da wata maƙala a mujallar Die Gartenlaube. Cikin 'yan shekaru tankin gilashi ya zama abin ado a falon duk wani mai rufin asiri a Ingila.

Kafin shekara goma ta cika yayin ya wuce. Mutane sun karanta cewa tanki na riƙe kansa, suka cika shi da dabbobi a rana ɗaya, suka ajiye shi a taga don tsiro ya sami rana, suka zauna jira. Abin da suka samu shi ne koren ruwa da wari da gawarwaki. William Alford Lloyd, wanda ya buɗe shagon kayan tanki a Landan a tsakiyar shekarun 1850, ya dawo daga rakiyar dogaro da tsiro. Da aka ba shi aikin manyan gidajen kifi, na Hambag a 1864 da na Crystal Palace a 1871, sai ya tsara su a kan ruwa mai zagayawa: famfo na tura shi daga manyan ma'ajiyoyi masu duhu a ƙarƙashin ƙasa zuwa tankunan kallo, ya dawo. Ya gano cewa ruwa mai yawa, mai motsi, wanda ya daɗe a tsarin, shi ke raya kifi. Dalilin ne bai kai gare shi ba.

Bututun yashi a Paris

Warington babba ya rasu a 1867. Shekara goma bayan haka aka yi gwajin da ya buɗe ƙofar, kuma babu kifi ko ɗaya a cikinsa.

Tun da daɗewa an san cewa idan aka tara taki da fitsarin dabbobi da ƙasa aka bar su, bayan watanni wani gishiri na fitowa, wanda ake haɗa albarushi da shi. Manoma ma sun san taki na narkewa ya zama abincin shuka. A harshen sinadarai, amoniya, wato abin da ke sa fitsarin da ya kwana yin wari mai hawa kai, tana juyewa ta zama naitiret. Yawancin masana sun ɗauka iskar oksijin ce kawai ke yin wannan, kamar yadda take sa ƙarfe tsatsa. Louis Pasteur ya yi hasashe a 1862 cewa ƙila da hannun ƙananan halittu, amma hasashe ne.

A lokacin hukumomin Paris na neman yadda za su tsarkake ruwan ƙazantar birnin ta hanyar malala shi a filayen Gennevilliers. Masana biyu, Théophile Schloesing da Achille Müntz, suka so su san abin da ƙasa ke yi wa wannan ruwa. Suka cika bututun gilashi mai tsawon mita ɗaya da yashin da aka gasa a wuta da ɗan garin alli, suka riƙa ɗiga ruwan ƙazanta a sama sannu a hankali, suna auna abin da ke fita ta ƙasa. Kwana ashirin cur, amoniyar da ta shiga ita ce ke fita, ba ta ragu ba. Sannan sai naitiret ya fara bayyana, kuma ba da jimawa ba amoniya ta ɓace gaba ɗaya daga ruwan da ke fita.

Wannan jinkiri shi ne ya ɗaure musu kai. Da iska ce ke aikin, da tun ranar farko za ta fara, domin iska na nan tun ranar farko. Abin da ke buƙatar kwana ashirin kafin ya nuna kansa ya fi kama da abu mai rai da ke hayayyafa daga 'yan ƙwayoyi kaɗan. Don su tabbatar, suka hura tururin kulorofom, maganin sa barci na likitocin zamanin, a cikin bututun. Aikin ya tsaya cak. Suka janye kulorofom ɗin, makonni suka wuce bai dawo ba, sai da suka zuba ɗan ruwan da aka dama da ƙasar lambu. Suka wallafa wannan a 1877.

Mai karatu ya riga ya ga inda aka dosa. Sabon tanki mai wankakkiyar tsakuwa da sabuwar filta shi ne bututun Schloesing da Müntz a ranarsa ta farko. Bambancin kawai shi ne a bututun babu mai rai da ke zaune cikin amoniyar yana jiran kwana ashirin su cika.

A tashar binciken noma ta Rothamsted, arewa da Landan, wani masanin sinadarai ya karanta rahoton ya maimaita gwajin, ya tabbatar da shi a 1878. Sunansa Robert Warington, ɗan wancan. Ya yi fiye da shekara goma a kan wannan batu, kuma ya nuna cewa aikin hawa biyu ne. Da farko amoniya na zama wani sinadari da ake kira naitirayit, sannan naitirayit ya zama naitiret. Sunayen biyu sun yi kama har suna rikita mutane, amma tazarar da ke tsakaninsu ga kifi ita ce tazarar da ke tsakanin guba da abin da za a iya jurewa. Warington ƙarami ya samu ruwan gwaji da ke yin hawan farko kaɗai, da wani da ke yin na biyu kaɗai, alamar cewa ma'aikata iri biyu ne. Abin da ya gagare shi shi ne ya ware su su kaɗai. Masana ƙwayoyin cuta na lokacin suna renon bakteriya a kan abinci mai maiƙo irin na romon nama, su kuwa waɗannan ƙwayoyi ba sa tsira a kansa.

Sergei Winogradsky, haifaffen Kiev da ke aiki a Zurik, shi ya warware ƙullin a 1890 da 1891. Ya hana su duk wani abinci na nama ko tsiro, ya ba su ruwa da gishirin ma'adinai da amoniya kawai, sai suka yi girma. Ashe daga ƙona amoniya da naitirayit suke samun ƙarfi, daga iskar kabon kuma suke gina jikinsu, kamar tsiro amma babu hasken rana. Ya raɗa wa masu hawan farko suna Nitrosomonas, masu hawa na biyu Nitrobacter. Wannan hanyar ci ba ta da riba sosai, shi ya sa suke da nawa: bakteriyar hanjin mutum na iya ninka kanta cikin minti ashirin, waɗannan kuwa sukan ɗauki kusan yini guda ko fiye. Asalin kwana ashirin ɗin ke nan.

Shekara tamanin a hanya

Zuwa 1891, ke nan, duk abin da ake buƙata don fahimtar mutuwar kifi a sabon tanki yana rubuce a mujallun noma. Masu kiwon kifi ba sa karanta mujallun noma. Su a lokacin hankalinsu na kan sababbin baƙi: tun da Pierre Carbonnier ya hayayyafa wani kifin ƙasar Sin mai ratsin ja da shuɗi a Paris a 1869, kifayen ƙasashe masu zafi suka riƙa kwararowa Turai, musamman ta tashar Hambag. Aƙidar tanki mai riƙe kansa ta ci gaba da mulki, har ta haifi wata: girmama tsohon ruwa. Gogaggun masu kiwo sun lura kifi na mutuwa a sabon tanki yana rayuwa a tsoho, sai suka yanke cewa sirrin a cikin ruwan yake. Suka riƙa tattalin ruwan da ya yi rawaya don tsufa, suna ƙin sauya shi. Lurar daidai ce, fassarar ce ta kauce. Ƙwayoyin ba a cikin ruwa suke yawo ba. A manne suke da tsakuwa da bangon gilashi da ganye.

Gyaran ya zo a gutsure. A 1929 Homer Smith, masanin aikin ƙoda a Amurka, ya sa kifi a akwati mai ɗaki biyu, kai a ɗaki ɗaya, wutsiya a ɗaya, ya auna ruwan kowane ɓangare. Ya tarar mafi yawan ƙazantar da kifin ruwan daɗi ke fitarwa amoniya ce, kuma ta gaɓoɓin numfashin da ke gefen kansa take fita. Wato kifi na fitar da gubarsa ta inda yake shaƙar iska, dare da rana, ko da an kwashe kashinsa tas. A 1931 Charles Breder na gidan kifin New York ya auna ya nuna cewa yawancin oksijin ɗin tanki ta saman ruwa take shiga daga iskar ɗaki, da tsiro ko babu tsiro. A 1949, shekara ɗari daidai bayan gwajin Warington babba, James Atz ya rubuta maƙala a mujallar Natural History yana kiran daidaitaccen tanki tatsuniya.

Bayan yaƙin duniya na biyu kayan aiki suka canza yanayin. Ledar roba da jirgin sama sun sa kifi daga Amazon ko Singafo ya isa shago cikin kwana biyu, da araha. Famfon iska mai lantarki ya kawar da matsalar oksijin, wadda a da ita ke iyakance yawan kifin da tanki zai ɗauka. Yanzu ana iya cusa kifi ashirin inda a da uku ne ke zama, ba su shaƙe ba. Da aka cire wannan shinge sai wanda ke bayansa ya bayyana. Manyan gidajen kifi da masu binciken kiwon kifi a Japan da Amurka suka fara auna amoniya, kuma littafin Stephen Spotte na 1970 kan sarrafa ruwa a rufaffen tsari ya taimaka wajen kai ilimin Winogradsky ga masu tanki. Daga nan aka fara kallon filta a matsayin gidan ƙwayoyin bakteriya, tace datti kuwa ƙaramin aikinta ne.

Abin da ke faruwa a makonnin farko

Da an zuba kifi, amoniya na fara taruwa, takan kai ƙololuwa a mako na farko zuwa na biyu. Tana ƙona gaɓoɓin numfashi, tana taɓa ƙwaƙwalwa. Ƙarfin gubarta ya danganta da yanayin ruwan: a ma'aunin pH na 7 da zafin digiri 25, ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari ne ke cikin siga mai kisa, a pH na 8 kuwa ya haura kashi biyar, kuma zafi na ƙara shi. Idan ƙwayoyin hawan farko suka yawaita, amoniya ta sauka, mai tanki ya yi ajiyar zuciya. A nan ne naitirayit ke tashi, domin masu cinsa ba su da abinci sai yanzu, sai yanzu za su fara hayayyafa. Naitirayit na shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar oksijin, har jinin ya koma ruwan ƙasa. Shi ya sa ake ganin kifi na haki a ruwan da injin iska ke ta tafasa. Duka zagayen kan ɗauki mako huɗu zuwa shida, kuma ido ba ya ganin ko ɗaya daga ciki. Sai da 'yan kwalaben gwajin ruwa, waɗanda suka fi kowane kayan ado na tanki amfani.

Kusan duk shawarar da ake bai wa sabon mai kiwo daga wannan tarihi take fitowa. Hanya mafi tausayi ita ce a bar tankin ya nuna babu kifi, ana jefa ɗan abincin kifi ko ɗigon amoniya don ciyar da ƙwayoyin, har gwaji ya nuna amoniya da naitirayit sun koma sifili. Hanya mafi sauri ita ce ta Schloesing da Müntz: a roƙi soson filta ko cikin hannu na tsakuwa daga tankin da ya daɗe yana lafiya, a kawo shi a jiƙe. Wanda ya riga ya zuba kifi kuwa, abin da ya rage masa shi ne dabarar Sinawa. Ya sauya kwata ko sulusin ruwan duk lokacin da gwaji ya nuna guba, ko da kullum ne. Ya rage abinci zuwa abin da za su cinye cikin minti biyu sau ɗaya a rana, domin kifi ba ya mutuwa da yunwar kwana biyu amma kowace loma amoniya ce. Kada kuma ya ƙara ko kifi ɗaya sai zagayen ya kammala. Ɗan gishiri na rage shigar naitirayit cikin jini, ko da yake ba kowane irin kifi ne ke son sa ba. Ranar kawo su gida, a ɗora ledar a kan ruwan tankin kamar minti goma sha biyar don zafinsu ya daidaita, sannan a kwashe kifin da raga, ruwan shago ya tsaya a waje.

Ruwan famfo na da nasa tarihin. Tun da birnin Jersey City na Amurka ya fara zuba kulorin a ruwan sha a 1908, miliyoyin mutane sun tsira daga taifot da kwalara, amma abin da kulorin ke yi a filta shi ne abin da kulorofom ya yi a bututun Paris. Mai tsafta da ya wanke soson filtarsa a bakin famfo ya mayar da tankinsa ranar farko da hannunsa. A ruwan da aka kwaso daga tankin ake matse soso. Kulorin zalla na tashi idan ruwa ya kwana a buɗe, amma inda ake haɗa shi da amoniya don ya daɗe a bututu, sai da maganin da ake sayarwa don kashe shi.

Mai tanki a Kano ko Maraɗi na da ƙarin abubuwa biyu da littattafan Turai ba su cika damuwa da su ba. Na farko zafi: ruwa mai digiri 20 na riƙe oksijin kimanin miligiram 9 a lita, a digiri 30 kuwa kimanin 7 da rabi, alhali a zafin ne kifi ya fi buƙatarta, amoniya kuma ta fi guba. Na biyu ɗaukewar wuta. Ƙwayoyin filta masu cin oksijin ne sosai, domin kowane giram na naitirojin da ke cikin amoniya na cinye oksijin fiye da giram huɗu kafin ya zama naitiret. Rufaffiyar filta da ta tsaya sa'o'i da yawa a tsakiyar bazara na iya shaƙewa, kuma idan wuta ta dawo ta tura ruɓaɓɓen ruwa cikin tanki. Ƙaramin famfon iska mai batir na magance wannan. Idan babu, a fito da soson a saka shi cikin tankin, a riƙa ɗibar ruwa da kofi ana kwararo shi daga sama, aikin 'yar aikin Anna Thynne. Masu kiwon tarwaɗa a tankunan siminti da na roba sun san wannan guba ko da ba su kira ta da suna ba. Ita ce ke tilasta musu zubar da ruwa a kai a kai, duk da taurin ran tarwaɗa.

Sunayen da Winogradsky ya raɗa sun zauna a littattafan kiwon kifi shekaru da yawa ba tare da an duba ko su ne ke cikin tankin ba. Kamfanoni suka riƙa sayar da Nitrobacter a kwalba don gaggauta nunar sabon tanki, sakamakon kuma bai taka kara ya karya ba. A shekarun 1990 Timothy Hovanec, mai bincike a wani kamfanin kayan tanki a Kalifoniya, tare da Edward DeLong da wasu, suka bi filtocin tankunan ruwan daɗi da gwajin ƙwayoyin gado. Ba su sami Nitrobacter ba. Mai cin naitirayit a can wata ce dabam, Nitrospira, kamar yadda suka wallafa a 1998.

Daga nan sai tankin kifi ya fara biyan bashin da ya ci daga kimiyya. A 2005 masu bincike a jami'ar Washington suka ware wata ƙwayar halitta mai cin amoniya daga tsakuwar wani tanki a gidan kifin birnin Seattle, suka tarar ba ma bakteriya ba ce, daga wani babban reshen halittu take da ake kira arkiya. Suka sa mata suna Nitrosopumilus maritimus, kuma danginta na cikin halittun da suka fi yawa a tekunan duniya. A 2011 wani bincike a jami'ar Waterloo ta Kanada ya nuna cewa a yawancin tankunan ruwan daɗi da aka gwada, irin waɗannan arkiya sun fi bakteriya masu cin amoniya yawa. A 2015 kuma ƙungiyoyin masana biyu suka ba da rahoton wasu nau'o'in Nitrospira da ke yin hawa biyun su kaɗai, daga amoniya har naitiret, abin da tun zamanin Warington ƙarami ake koyarwa cewa aikin ma'aikata biyu ne. Ƙungiya ɗaya ta samo nata a bututun wata rijiya mai zurfi a yankin Kokesas na Rasha. Ɗayar, ta jami'ar Radboud da ke Nijmegen a Holan, daga filtar wani tsarin kiwon kifi ta kankaro nata.